Ranar da Aka Hau Bene Saboda Kawu

Kawuna bai taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini, ko a wasiƙa. Wannan suna ya ba ni damar da babu mai ita a danginmu, wato in tsaya in yi masa faɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi yana cewa a yi haƙuri. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, ban taɓa barin damar nan ta wuce ni ba.

A shekarun da kuɗin mai ya ɓarke a gida na same shi a London. Aurena na farko ya mutu, ina zaune a ɗakin innata na ishi kowa da tsiwa, sai ya aiko cewa a turo masa uwarsa ta zo ta koyi ɗinkin zamani. Shi ya bar gida tun ina tatata, wani Baturen reluwe da yake yi wa kuku ne ya taho da shi. Baturen ya mutu, kawu ya tsaya, ya sami aikin fota a wani asibitin kuɗi a Marylebone. Fota su ne masu tura gadon marasa lafiya, su kai kayan wanki ƙasa, su hau da abinci sama, duk wani abu mai nauyi su ake kira. Lokacin da na iso ya shekara ashirin yana wannan aikin cikin shuɗin kwat, takalminsa kullum a goge kamar na ɗan sanda.

Flat ɗinmu gidan haya ne na hukuma, ɗaki biyu da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. A kusurwar ɗakin kawu akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe da yake tara tsarabar komawa gida. Barguna ne, da agogon bango, da fitilar hannu, da tabarau har guda huɗu na tsofaffin unguwarsu da bai san ko suna raye ba. Duk ranar Lahadi bayan azahar sai ya buɗe shi, ya fito da komai, ya gaya mini wannan na wane ne, wancan na wance, ya sake jerawa. Saura shekara uku ya yi ritaya. Daga nan sai Ɗambatta, ya gina ɗaki biyu da zaure kusa da gidan 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa tun da matarsa ta rasu. Har inda zai dasa dalbejiya ya nuna mini a bayan wata tsohuwar ambulan.

Shi ya samo mini aiki a ɗakin ɗinkin asibitin, da rana in yi aiki, da yamma in tafi makaranta. Yadda ya yi kuwa, hularsa ya gyara, ya hau bene na uku wurin matar da take shugabantar ƙananan ma'aikata. Wata doguwar Baturiya ce mai furfura, tabarau ɗinta a rataye da sarƙa. Mu 'yan ƙasa Hajiyar Sama muke ce mata, ko da yake ko hanyar Makka ba ta sani ba. Ya ce mata yana da 'ya mai hannu, a gwada ta. Aka gwada ni, aka ɗauke ni.

Ranar Alhamis ake biya, a 'yar ambulan ruwan ƙasa, da siririyar takarda a ciki mai nuna matakin mutum da abin da aka cire. Ambulan ɗina ta farko ban buɗe ta ba, na kawo wa kawu na durƙusa na ajiye a gabansa, kamar yadda ake yi wa iyaye. Ya buɗe, ya ɗauki kwabo ɗaya tak, ya tofa addu'a a sauran ya miƙo mini. Na ce ai da kuɗin haya da na wuta. Ya ce tun da yake bai taɓa jin inda uwa ta biya haya a gidan ɗanta ba, in rufa masa asiri. Tasa ambulan ɗin kuwa ban taɓa ganin cikinta ba. Aljihun ciki yake sa ta, ya danna da tafin hannu, ya ce alhamdulillahi.

Asibitin nan hawa-hawa yake, kuma albashi ma haka yake hawa. Mu masu ɗinki da masu wanki da fota muna ƙarƙashin ƙasa, inda taga take daidai da ƙafafun masu wucewa, har na iya gane mutane da takalmansu. Nas-nas suna tsakiya. Manyan likitoci suna can sama inda aka shimfiɗa kafet. A shekarun nan kuɗin mai ya cika unguwar da baƙi, Larabawa da manyan mutanenmu na gida, masu zuwa a duba musu ciwon kai da rakiyar mutum shida. Muna gani likitoci suna canza motoci. Mu a ƙasa sai an yi ta taro ana ɗaga hannu kafin a ƙara ɗan abin da za a ƙara, kafin ya iso aljihu kuma farashin burodi ya riga shi gaba. Amma dai ana ƙarawa, kuma akwai hutun shekara, akwai kuɗin jinya in ka kwanta, akwai fansho. Fanshon nan da albashin shekarunka na ƙarshe ake auna shi, wannan kowa ya sani.

A shekarata ta biyu wasiƙun gida suka fara canza murya. An yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi mai tsoka, har da ariyas, wato kuɗin watannin baya. Ƙanen kawu, wanda masinja ne a wani ofis a Kano, ya sayi babur ya yi wa gidansa rufin kwano. Wani ɗan ɗakinsu da kawu ya bari yana tallan rake yanzu ɗan kwangila ne, ya je Makka sau biyu. Kowace wasiƙa kuma da layinta na ƙarshe, cewa ana jiran babban yaya na London ya zo ya nuna musu yadda ake gini. Ni nake karanta masa saboda idonsa ya fara rauni. Yana dariya yana cewa madalla, Allah Ya ƙara, amma na lura Lahadi ta zo ta wuce bai buɗe akwati ba. Wata Lahadin ma haka. Da na tambaye shi sai ya ce ai babu gaggawa, wataƙila bayan ritaya ya ɗan nemi aikin gadi ya ƙara shekara biyu ko uku. Mutumin da gwiwarsa take ƙara in zai tashi daga sallah. Na ji tsoro, domin na san dattawa biyu a masallaci da suka ce za su ƙara shekara biyu, kuma a nan aka binne su.

A ɗakin ɗinki muna tare da wata mata 'yar Jos, Kirista, ta girme ni da shekara goma sha biyar, Hausarta ta fi tawa gishiri. Yaya nake ce mata. Ita ce wakiliyar ƙungiyar ma'aikata a ɓangarenmu, kuma ita ta tsaya tsayin daka lokacin da doka ta ce a daidaita albashin mata da na maza, har aka ɗaga mu masu ɗinki mataki guda. Ranar da ƙarin ya fito mun yi rawa tsakanin kekuna, na sayo wa kawu kaza.

Ba a yi wata guda ba aka kawo kwat-kwat ɗin fota gyara. Ina ɗaukar na kawu na gane shi, saboda ƙanshin turarensa. Aljihun ciki ne ya ɓule, da na zura hannu sai na ji takarda ta faɗa cikin shafi. Na zaro ta. Takardar albashinsa ce ta makon da ya wuce. Ban yi niyyar dubawa ba, Allah Ya sani, amma ido ba ya neman izini. Na duba, na sake dubawa, na miƙa wa Yaya na ce ta gaya mini ko idona ne.

Ba idona ba ne. Kawu yana matakin farko, matakin da ake ɗaukar wanda ya zo jiya. Ni da na shekara biyu ina ɗinke maɓalli na fi shi albashi. Yaya ta cire tabarau ta ce ita ma duk zamanta ta ɗauka matakinsa ɗaya da na heluma, wato shugaban fota, domin kowa shi yake tambaya, shi yake raba aiki in safiya ta yi. Ashe mai riƙe da matsayin a takarda, mai sa kwat ruwan ƙasa, wani ɗan Ailan ne da kawu ya koya wa yadda ake juya gado a lif, na'urar hawa bene. Ɗan Ailan ɗin ma a lokacin ya ba da sanarwar barin aiki. Ta lissafa mini wasu huɗu da suka zo bayan kawu suka wuce shi. Ta ce babu wanda ya danne shi, ƙa'idar wurin ce: duk shekara Hajiyar Sama tana kiran kowa ofis ta tambaye shi ko ya gamsu da aikinsa da albashinsa, mai son hawa mataki ya faɗa, a ba shi fom ya cike ya sa hannu.

Ranar ko makaranta ban je ba. Na jira shi ya dawo ya yi la'asar, na ajiye takardar a gabansa, na ce ya gaya mini me yake ce wa matar nan duk shekara in ta tambaye shi. Ya kalli takardar ya kalle ni, ya ce abin da ɗan halak yake cewa mana, an gode Allah, babu wata damuwa. Na ce shekara ashirin da biyu? Ya ce ko talatin ne. Nan na hau shi da faɗa, na faɗi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, har maƙwabciyarmu ta buga bango. Ya bar ni sai da na gaji.

"Uwata," ya ce, "ni ba maroƙi ba ne. Wanda kake yi wa aiki yana da ido. In ya ga ka isa, shi zai kira ka ya ba ka. Ubana bai taɓa ce wa maigidansa ƙara mini ba, kuma bai taɓa yin sallah da tsohuwar riga ba."

Na ce wannan a Ɗambatta ke nan. A nan in ka ce ka gamsu, rubutawa suke yi ka gamsu, su rufe fayil. Ya ce to su rubuta. Na ce gobe zan karɓo fom ɗin, ya sa hannu kawai. Ya ce hannunsa ba zai hau takardar da take cewa a ƙara masa ba, ko da zai kwana da yunwa, kuma kada in sake taɓa masa aljihu. Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don haushi rabi don tausayi.

Washegari ina ba Yaya labari ina huci, ina cewa taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Tana jan zare da haƙori ta tambaye ni, a hankali, yadda aka yi na sami aikin nan. Na ce kawu ne ya hau sama ya yi magana. Ta ce ɗan Ailan ɗin fa, na san yadda ya zama heluma? Kawu ne ya hau ya ce yaron yana da hankali, a duba shi. Sauran huɗun ma haka, har da wanda matarsa ta haihu, kawu ya hau ya ce albashinsa ba zai riƙe mutum uku ba. Ta ce ita da idonta ta sha ganinsa yana gyara hula a gindin bene.

Na saki keken ya tsaya. Mutumin nan ba tsoron bene yake yi ba, ba kuma tsoron Hajiyar Sama ba. A wurinmu mutum ba ya nema wa kansa, ko aure ne ko sarauta ko gona, naka ne suke zuwa su nema maka. Shi yana ta zuwa wa mutane, yana jiran ranar da wani zai je masa. 'Yan Ailan da 'yan Jamaikan da ya je wa ba su san ana yi ba, sun yi masa godiya sun saya masa shayi, iyakarsu ke nan. Wadda ta san al'adar a duk ginin nan ni ce, 'yar ƙanwarsa, mai cin tuwonsa, kuma shekara biyu ban taɓa tambayar kaina wa yake zuwa wa kawu ba. Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ta ba.

Ranar Juma'a na je masallacin Regent's Park. Lokacin ana kan ginin sabon masallaci, ana sallah a tsohon gidan da ke harabar. Na laɓe wajen masu sayar da littattafai har kawu ya fito da sauri ya koma aiki, sannan na tare mutum uku. Akwai wani likita Bakatsine da yake aiki a asibitin gwamnati, wanda kawu ya raka Croydon sau uku yana ɗalibi, suna bin layin sabunta biza tun da sassafe. Akwai wani mai karanta labarai a rediyo, wanda ya kwana wata biyu a falonmu farkon zuwansa. Sai wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai kantin kayan miya, abokin hirar kawu. Na gaishe su na faɗi abin da ke tafe da ni. Likitan ya ce wallahi sun ci amanar dattijon nan ba su sani ba. Ɗan Kumasi ya ce goro a kansa, yana da sabo fari da ya iso shekaranjiya.

Yaya ce ta samo mana lokacin ganin Hajiyar Sama a ofishinta, Juma'a ta gaba ƙarfe uku. Suka zo daga masallaci kai tsaye, manyan riguna suna jan ƙasa, ɗan Kumasi da ƙullin goro a ganye. Ta babbar ƙofa suka shiga. Mai karɓar baƙi ta ɗauka dangin wani attajirin majinyaci ne, ta miƙe tsaye, ta sa aka kawo musu shayi a kofunan da ni ban taɓa sanin asibitin yana da su ba. Ni na biyo ta ƙofar ma'aikata da rigar aikina, muka haɗu a bene na uku.

Hajiyar Sama ta ga mutane sun cika mata ofis, ta ɗauka rasuwa aka yi. Suka zauna, suka gaishe ta, suka tambayi aiki, suka tambayi iyali, suka tambayi sanyi, ita dai tana ta juya sarƙar tabarau. Ɗan Kumasi ya kwance goro ya tura gabanta. Ta kalle ni, na yi mata alama ta ɗauka. Ta ɗauka ta gatsa, na ga ɗacin ya kai mata har kunne, amma baiwar Allah ta daure ta haɗiye ta ce ta gode. Tun daga ranar na fara son ta.

Likitan ne ya yi bayani. Ya ce sun zo ne a kan dattijonsu, ba shi ya aiko su ba, bai ma san sun zo ba. Ya ce a ƙasarmu mutum mai mutunci ba ya buɗe baki ya ce a ƙara masa, mutanensa ne suke zuwa, kuma su ne mutanensa, sun makara ne kawai. Ta tashi ta ɗauko fayil ɗin kawu. Takarda ashirin da biyu, kowacce da rubutun hannunta ko na wadda ta gada, kowacce tana cewa ya gamsu. Ta yi ta buɗawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarta tana yin ja.

"Duk shekara ina tambayarsa," ta ce. "Na ɗauka babu wanda ya kai shi kwanciyar rai a ginin nan. Sau nawa ya zauna a kujerar nan yana yi wa wasu magana. Na yi ta jira ya yi wa kansa."

Na ce, da Turancina na ɗakin ɗinki, shi ma jira yake yi. Ta ce to ga fom, ya sa hannu, matsayin heluma zai zama babu kowa ƙarshen wata. Mai rediyo ya ce ai nan gizo yake saƙar, ba zai sa ba. Ta zauna tana kallon fom ɗin kamar yau ta fara ganinsa. Can ta juya bayansa, ta sa yatsa a wani ɗan layi a ƙasa, ta ce akwai inda shugaba yake iya gabatar da mutum da kansa, ita dai ba ta taɓa amfani da shi ba, domin babu wanda ya taɓa buƙata. Ta cire murfin alƙalami ta cike a gabanmu. Abin da ya wuce kuwa ta ce ba ta da ikon dawo da shi, babu ariyas, kuma shekara ɗaya ba za ta ɗaga fansho kamar yadda goma za su ɗaga ba. Ta faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, kuma na ga ya dame ta.

Ranar Litinin da safe ta sauko ƙarƙashin ƙasa da ƙafarta. Masu wanki suka kashe inji, domin babu wanda ya taɓa ganinta a nan. Ta sami kawu yana raba aiki, ta ce masa a gaban kowa asibiti ya ga aikinsa, yana roƙonsa ya karɓi matsayin heluma. Ta miƙa masa kwat ruwan ƙasa a ninke. Ina leƙe ta ƙofar ɗakin ɗinki. Ya goge hannunsa a jikin shuɗin, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce an gode. Ya sa hannu a inda ta nuna, tunda karɓa ce ba roƙo ba. Fota suka yi ta tafi da buga gadaje.

Na ɗauka shi ke nan, ashe da saura. Ɗan Kumasi ba ya iya riƙe magana, kafin Laraba kawu ya ji komai, har da goron. Ya dawo gida bai kalle ni ba. Ya ce na kwashe sirrin aljihunsa na kai ƙofar masallaci, yanzu duk London ta san abin da yake ɗauka. Kwana huɗu bai ci abincina ba, burodi da shayi yake yi wa kansa, ni kuma na ƙi ba da haƙuri, ina dafa miyar kuka da man shanu ina barin ƙofar kicin a buɗe. Sabon kwat ɗin yana rataye a bayan ƙofa, da shuɗin yake tafiya aiki. Akwati kuma yana nan a rufe. Na fara tunanin ko na ɓata abin gaba ɗaya, na samo masa matsayi na raba shi da mutuncin da ya fi so.

Na daɗe a ƙasar nan bayan wannan, na ga yadda aikin ya juya. Fota na yanzu yawanci ba ma'aikatan asibiti ba ne, wani kamfani ne yake kawo su, yau wannan gobe wancan. Jikar Yaya ta yi irin aikin, ta ce mini in ta kwanta ciwo babu ko kwabo, fansho kuwa sai dai ta ji a bakin kakarta. Na sama sun ƙara nisa, har ba a hango su. Kuma babu mai kiran ka ofis duk shekara ya tambaye ka ko ka gamsu, balle a sami benen da za a hau saboda kai. In na tuna yadda na zagi tambayar nan ta Hajiyar Sama, sai in ga ashe ita ma wani abu ce.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan fushin kawu, wajen ƙarfe goma, ina kan keke, Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu. Kawu ne a bakin ƙofa, ya bi layi bayan wata nas mai yagaggen aljihu, kwat ruwan ƙasa a hannunsa. Da layi ya zo kansa ya ajiye a teburina, ya ce hannun ya yi masa tsawo, ko masu ɗinki za su taimaka. Na ce ya sa in gani. Ya sa. Na durƙusa ina naɗe hannun ina soka allurai, ban ɗago ba, shi ma yana kallon taga inda takalma suke wucewa. Yaya ta tashi ta ce za ta je ɗebo zare, alhali zare yana gabanta.

"Na hau benen nan ban san iyaka ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Duk na sauko sai in ce wata rana wani zai hau saboda ni. Har na daina cewa."

Allura tana bakina, na ci gaba da naɗe hannun.

"Da na ji an je, haushi na ji. Da na kwana biyu sai na ga ba haushi ba ne. Na ɗauka ba ni da kowa a garin nan, Uwata."

Na cire allurar na ce fanshon fa ba zai kai yadda ya kamata ba, ba za a yi zaure ba, sai dai ɗaki biyun. Ya ce ɗaki biyu ya ishi mutum ɗaya, dalbejiya kuma ba ta cin kuɗi. Ya ce in ƙanensa ya tambaye shi me ya samo a London, zai ce mutum uku da manyan riguna sun hau bene saboda shi, da uwarsa a gaba. Na ce a baya nake, ta ƙofar ma'aikata na shiga. Ya ce shi dai haka zai faɗa.

Na gama soka allurai, ya cire kwat ɗin a hankali kada su soke shi. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce ranar Lahadi in zauna a gida kada in je yawona, akwai barguna biyu da yake so in duba masa ko asu ya taɓa su.